Fararen Ƙwayoyi a Cikin Maɓallan Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya aikin jinya? Allah ya taimaka.

Yaya, ranar Talata da safe na ga kiyashi a bayan gida. Na shirya zan tafi gonar shanu da nake aiki, na shiga, sai na ga sun yi layi tun daga tsagar bango har bakin rami, daidai inda fitsarin Baba ya fantsama a siminti. Inda ruwan wanka ya kwanta kuwa ko guda ɗaya bai je ba. Na tsuguna ina kallonsu har Inna ta buga ƙofa ta ce, “Auta, haihuwa kake yi a ciki?” Rabon da in ga kiyashi a wurin nan tun kafin likita ta ɗora Baba kan maganin suga.

Ban ce wa kowa komai ba. Da yamma na biya shago, Baba ya fita salla, na juye gwangwanin maɓallansa a kan tebur ina neman wanda zai dace da rigata. Sai na ga waɗansu farare da ba su da huji. Ƙwayoyin maganinsa ne, Yaya. Na ƙirga ashirin da biyu. Kullum Inna tana miƙa masa biyu da safe, ya ce zai sha a shago. Ashe kwana goma sha ɗaya gwangwani ne yake sha.

Da ya dawo ya ga abin da ke kan tebur, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan kujerar keken ɗinki ya ce, “Rufe ƙofar.” Ya ce tun da ya fara maganin nan cikinsa yake kuka yana kumburi, gudawa kuma ba ta sallama. Wata rana yana tsugune yana auna tsayin wandon wani malamin makaranta, cikin ya murɗa. Kin san shagon ba bayan gida, sai an tsallaka titi. Ya bar mutum a tsaye da tef a ƙugu, ya ruga, kuma bai kai ba. Malamin ya gaji da jira, ya ajiye tef ya tafi, ya bar yadinsa. Har yau bai dawo ba.

Ya ce, “Shekara arba'in ina riƙe da almakashi, ban taɓa barin mutum a tsaye ba. Gara sugan ya kashe ni da wandona a bushe.”

Abin da ya fi damuna ƙafarsa ce. Akwai gyambo a babban ɗan yatsansa na dama, ƙafar da yake taka keke da ita. Mako uku ke nan bai rufe ba. Yanzu da hagu yake takawa, ɗinkin yana tafiya kamar mai ɗingishi. Likita ta taɓa faɗa a gabana cewa in sugan bai sauka ba, ciwon ƙafa ba ya warkewa, kuma ta faɗi inda abin yake ƙarewa.

Na rubuto ne don in na kira ki a waya Baba yana ji, bangon gidanmu ba ya riƙe magana. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Me zan yi?

Inna tana gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe da kawunsu.

Wasiƙarka ta hana ni cin abinci. Shekara tara ina aiki a ɗakin masu ciwon suga, na san ƙafafun da aka shigo da su da ɗan gyambo kamar wannan, na kuma san yadda masu su suka fita. Ba zan bari a yi wa mahaifina haka saboda kunyar wani malamin makaranta ba.

Ga abin da za ka yi. Ka faɗa wa Inna yau. Kullum ka tsaya a kansa da kofin ruwa, ya haɗiye a gabanka, ya buɗe baki ka duba. Haka muke yi wa masu taurin kai a nan. Batun ciki kuwa, kusan kowa da ya fara maganin nan yana kuka da shi, wucewa yake yi. Ya daure. A wanke ƙafar safe da yamma, kada ya yi tafiya ba takalmi.

Kuma Auta, ka rage tsugunno kana kallon kiyashi. Na'urar gwajin jini da na aiko tana cikin durowar Inna, a yi amfani da ita.

Ka gaishe da Inna. Baba kuwa ka ce masa ina fushi.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaishe da mutanen gida. Na daɗe ban rubuto ba, ina so in tara abin faɗa ne.

Na yi yadda kika ce, sau ɗaya. Da na ce ya buɗe baki, ya dube ni ya ce, “Ni za ka duba wa haƙori kamar akuyar sayarwa?” Kwana uku ko gaisuwata ba ya amsawa. Inna ta yi kuka, ta ce duk mun haɗu za mu kashe ta kafin shi.

Rana ta huɗu da safe na kama hannunsa na kai shi bayan gida, na nuna masa layin kiyashin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Su ma sun sani ke nan.” Na'urarki ma mun gwada, ta faɗi abin da kiyashi suka faɗa, sai dai ita da lamba.

Sai muka yi yarjejeniya. Zai sha maganin mako biyu, ni kuma zan nemo masa mafita. Na je wurin mai aski da ke jikin shagonmu, wanda yake da bayan gida a lungu, na roƙe shi makulli. Bai tambayi dalili ba, ya ciro ya ba ni. Na ɗaure shi a igiyar almakashin Baba. Yanzu taku goma ne, ba tsallaka titi.

Na kuma ɗauki ragowar wani baƙin yadi da allin ɗinki, na ja gida goma sha huɗu, kowace rana da gidanta. In ya sha ƙwaya in ɗiga ɗigo. In ya ci abinci in ja layi. In cikin ya kore shi in yi gicciye. Inda ba na nan, mai aski yana lura da sau nawa makulli ya fita.

Ga abin da ƙyallen ya nuna. Ranakun aiki gicciye huɗu, biyar, har shida. Amma ranar da ba a buɗe shago, ɗaya ne tak, a mako na biyu ma babu. Na yi ta juya abin ina tatsar nono, sai na gane. Kin manta Baba ba ya cin komai kafin ya tafi aiki? Tun yana yaron shago ya taɓa farin yadi da hannu mai maiƙo, maigidansa ya tsinka shi a gaban mutane, ya rantse ba shi ba abinci sai ya ajiye almakashi. To ƙwayoyin nan biyu, da aka ce ɗaya safe ɗaya yamma, haɗa su yake yi ya watsa da ruwa a cikin da babu komai, wai don ya huta da su. Ranar hutu ce kawai yake karyawa da Inna, ɗigo ya faɗo a bayan layi.

Yanzu ki bar ni in faɗi wani abu, kada ki yi dariya. Bara an kawo mana sabuwar dusa a gona, wani sabon ma'aikaci ya juye wa shanu ita gaba ɗaya rana guda. Washegari duk garken zawo. Likitan dabbobi ya ce dusar ba ta da laifi. Ya ce a cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narka mata abinci, in ka sauya musu abu farat ɗaya sai su rikice. Ya sa muka riƙa zuba kaɗan a kan tsohuwar, muna ƙarawa har kwana goma. Ko saniya ɗaya ba ta sake zawo ba.

Yaya, mutum ma yana da irin waɗannan halittun a cikinsa? In yana da su, ko maganin nan su yake taɓawa?

Ƙafar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Mako biyun sun cika jiya, ya ce ya cika nasa alkawarin, saura nawa.

Ki huta lafiya.

Auta

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kun tashi lafiya.

Da na karanta wasiƙarka na ce a fili, “Baba ba saniya ba ne!” har maigidana ya leƙo yana tambaya wa ya ce saniya ce. Na ajiye ta da haushi. Washegari dai na kasa haƙura, na tare babban likitan ɗakinmu na karanta masa wurin dusar. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce, “Wane ne wannan?”

Amsar tambayarka ita ce e. Hanjin mutum cike yake da bakteriya, masu amfani da marasa amfani, yawansu ya wuce ƙirga. Ya ce masu bincike sun gano maganin nan yana sauya su, waɗansu iri su ƙaru, waɗansu su ragu. Suna ganin wani ɓangare na sauke sugan ma ta nan yake bi, haka kuma iska da gudawar da mutane ke kuka da su. Ya ce ba a gama sanin komai ba, ana kan bincike. Amma shi ya sa ake so a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, kuma a sha da abinci.

Auta, shekara tara ina ce wa marasa lafiya “a sha bayan an ci abinci” kamar karatun hadda. A gidan nan na girma, ni nake kai wa Baba abincinsa shago bayan la'asar, ina kallo yana wanke hannu sau uku. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba. Na ce ka buɗe masa baki. Ka ba shi haƙuri a madadina.

Kada ka rage masa magani da kanka, kada ka ƙara. Ku koma wurin likitarsa cikin makon nan, ku faɗa mata komai, har da gwangwanin. Amma don Allah ka kwafe abin nan a farar takarda da biro. Kada ka shiga ofishin likita da tsumma su raina ka.

Ka gaishe da Inna da Baba, da mai aski, Allah ya saka masa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Mun je, mun dawo.

Na sayi takardar kamar yadda kika ce. Ina zaune a shago zan fara kwafa, Baba ya ce me nake yi. Na ce Yaya ta ce kada a kai tsumma. Ya miƙo hannu ya karɓi ƙyallen, ya ɗaga shi a haske yana duba gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Layinka a miƙe yake. Wa ya koya maka?” Na ce kallonka nake yi. Ya zauna a keke, ya taka da ƙafar hagu, ya kalmashe bakin ƙyallen duka gefe huɗu, a hankali don kada allin ya goge. Ya ce, “Abu ba zai fita daga shagona da zare yana reto ba. Yanzu ba tsumma ba ne.”

A asibiti mun yi awa uku a benci. Da muka shiga, likitar ta duba ƙafar, fuskarta ta canja. Ta ce, “Baba, kana shan magani kuwa?” Ya ce, “Tambayi wannan, shi ne mai littafin.”

Na shimfiɗa mata ƙyallen a kan tebur. Na ce ɗigo ƙwaya, layi abinci, gicciye kuma, sai na rasa yadda zan faɗa. Baba ya ce, “Gicciye gudu ne, 'yata. Faɗi kawai.” Ta yi dariya, ta sa tabarau, ta bi da yatsa. Da ta zo ranar hutu ta farko ta tsaya. Ta tsallaka ta biyu ta sake tsayawa. Ta ce, “Nan ya ci abinci kafin ya sha.” Na ce e. Ta ce, “Kai ka gano wannan?” Na ce shanu ne suka nuna mini, na ba ta labarin dusar.

Yaya, sai ta tashi ta buɗe ƙofa ta kira ɗalibai uku masu fararen riguna. Ta ce, “Ku zo ku ga yadda ake lura da mara lafiya.” Ta sa na sake faɗa tun daga kiyashi. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni a wace makaranta na yi. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, “Aji huɗu ya yi, ya ce sauran sun yi masa kaɗan.” Ni dai ƙasa nake kallo.

Ta ce akwai irin maganin da yake narkewa sannu a hankali, ya fi sauƙi ga ciki, shi ta rubuta. Guda ɗaya a tsakiyar abincin yamma har mako biyu. In halittun cikin sun saba, a ƙara ɗaya da abincin safe. Baba ya ce yamma ba matsala, safe ce ba zai iya ba, ya kawo mata zancen maiƙo da farin yadi.

Ta ce, “Baba, yadi in ya ɓaci ana sayen wani. Wannan yatsan in ya tafi, a ina za mu samo maka?”

Ya ce, “Ke ba ki san maigidana ba.”

Ta ce, “Yana raye?”

Ya ce, “Ya rasu shekara talatin.”

Ta ce, “To ka ci abinci, ba zai gani ba.”

An wanke ƙafar an naɗe, za mu riƙa zuwa wanki duk kwana uku. Ta roƙi a bar mata ƙyallen ta nuna wa sauran ɗalibai, Baba ya ce a'a, sai dai ta ɗauki hoto. Ya ninke shi ya sa a aljihun gaba.

Na ja sabbin gidaje a wani yadin. Kwana shida ke nan, gicciye biyu kacal. Saura maganar safe, ita nake jin tsoro. In ya ƙi, sugan ba zai sauka yadda ake so ba, ta faɗa mana haka a fili.

Ki taya mu da addu'a.

Auta

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, uwarki tana lafiya. Haƙurin da kika aiko ya iso, na karɓa, magana ta wuce.

Ke na kai makaranta har ƙarshe, ban yi nadama ba. Wannan kuwa na ɗauka shanu ne kawai za su amfana da shi. Na ga likita ta cire tabarau tana sauraronsa, ɗalibai suna rubuta abin da yake faɗa. Kada ki gaya masa na ce haka, kansa zai kumbura ya fi cikina.

Yana damuna da maganar karyawa. Kullum sai ya ajiye sabulu sabo a bakin famfo, ba ya cewa komai. Ina gani.

Ki aiko da awon yaran, sun yi tsawo na sani.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Wannan gajeriya ce, mota za ta tashi.

Yau da safe Baba ya zauna a tabarma ya ce wa Inna, “Kawo abin nan.” Ya ci burodi da dafaffen ƙwai da wake, da cokali, yana riƙe da shi can nesa da rigarsa. A tsakiya ya haɗiye ƙwayar. Ya wanke hannu sau uku da sabulun, ya shinshina, ya ƙara na huɗu.

Na raka shi shago. Jiya mai wankin ciwo ta ce gyambon ya fara haɗe baki, zai iya taka keke in bai matsa ba. Ya ciro yadin malamin makarantar nan, don na je har makarantarsu na ce masa tela yana nemansa. Ya zo. Baba ya auna shi tun daga ƙugu har idon sawu bai tashi ba, ya yanka, ya ɗora ƙafar dama, ya taka. Makullin yana rataye a igiyar almakashi har azahar ba wanda ya taɓa shi. Na duba bayan gida kafin mu fito, ba kiyashi ko ɗaya.

Na san za ki ce Auta ya ƙara gishiri. Ba ni kaɗai na gani ba. Cin abincin, Inna ta gani, da Gwaggo da ta shigo aron tsani. Ɗinkin kuwa, mai aski yana tsaye a bakin ƙofa da reza a hannu, da mutumin da ya bari da rabin gemu, da malamin makarantar da kansa.

Ƙaninki,
Auta